Zanen Aro a Dandalin Tashe

Daga daren goma ga watan azumi, in an sha ruwa an sallame asham, yaran Mabai da na sauran garuruwan da ke tsakanin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa sukan bazu cikin unguwa suna tashe, kamar yadda ake yi a ko'ina a ƙasar Hausa. Cikin wasannin 'yan mata akwai na Mairama da Daudu. Yarinya ɗaya za ta zura rigar ubanta ko ta yayanta, rigar tana jan ƙasa, hula ta rufe mata kunnuwa, a shafa mata gawayi a haɓa, ta hakimce a kan tabarma a matsayin maigida. Wata kuma ta lulluɓe a matsayin amarya, sauran suna waƙa suna nuna mata yadda ake kai ruwa da yadda ake ajiye akushi. A ɓangaren maza ma akan samu yaro ya ɗaura zanen uwarsa, ya kafa ɗankwali a karkace, ya fito a tsohuwa mai mita. Matan gida su yi dariya, a ɗebo gero ko 'yan kuɗi a ba su, su wuce gida na gaba. Yau da ake ta gardama, nan gida da ƙasashen waje, a kan ko ya dace a nishaɗantar da matasa da wasan da namiji ke shigar mata, ina ganin Bahaushe ya riga ya ba da amsa tun kafin a yi tambayar. Amsarsa ba ta tsaya ga tufa ba. Ta dubi wanda ya sa tufar, da inda ya sa ta, da waɗanda ke kallo, da lokacin da zai tuɓe.

Kwaikwayo da tufar aro tsohon abu ne a wurinmu, kuma bai tsaya ga yara ba. A gidajen sarauta an yi wasan gauta, inda matan cikin gida, kuyangi da sadaku, ke sa manyan riguna su naɗa rawani, wannan ta zama sarki, waccan waziri ko alƙali, su kwaikwayi tafiyarsu da maganarsu da yadda suke yanke hukunci, har mai mulki ya ga aibinsa ba tare da an kira sunansa ba. A ƙauyuka kuma, bayan an kawar da amfanin gona, samari da 'yan mata sukan yi kalankuwa, su naɗa wa junansu muƙamai, a zamanin Turawa har da gwamna da di'o da likita. Duk waɗannan wasanni suna da shinge. Tashe yana da watansa, gauta tana da farfajiyarta, kalankuwa tana da kakarta. Mai kallo ya san 'yar wane ce a cikin rigar nan, kuma ya san gobe da safe zai gan ta da tulu a bakin rijiya. Abin dariyar ma shi ne rashin dacewar tufar da mai ita: hular da ta yi yawa, zanen da ke kwancewa. Ba wanda yake ƙoƙarin ya yi kyau a shigar, balle ya ja hankalin wani da ita. Manufar wasan gargaɗi ce da hannunka mai sanda, shi ya sa iyaye ke buɗe wa masu yinsa ƙofa har tsakar gida.

Daudu irin na 'yan daudu kuwa wani reshe ne dabam, duk da sunan ya yi kama da na angon Mairama. Masu binciken bori, irin su Fremont Besmer da ya wallafa littafinsa a kan borin Kano a 1983, sun nuna kusancin 'yan daudu da masu bori, wasu kuma suna danganta sunan da Ɗan Galadima, iskan da ake kwatantawa da ɗan sarki mai son ado da caca da kyauta. Ko daga ina sunan ya fito, inda sana'ar ta yi ƙarfi shi ne bariki. Da layin dogo ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa har ya kai Ƙauran Namoda a 1929, kuma cinikin auduga ya buɗe a kudancin Katsina, garuruwan hanya suka cika da baƙi: 'yan kamasho, leburori, direbobi, fatake, da matan da suka fito daga aure suka zauna zaman kansu ƙarƙashin magajiya. A nan ɗan daudu ya samu gurbi. Shi ne a bakin tasha da zane ɗaure a ƙirji bisa rigarsa, yana juya kaji a cikin mai, yana tuƙa tuwon shinkafa, yana tafa hannu yana yi wa abokin sana'a habaici cikin muryar mata. Renée Pittin, wadda ta yi bincike a gidajen mata na birnin Katsina, ta bayyana yadda wasunsu ke shiga tsakanin matan da masu nemansu, Rudolf Gaudio kuma a littafinsa na 2009 ya nuna cewa da yawa daga 'yan daudun Kano suna da mata da 'ya'ya, suna salla, wasu sun sauke farali. Wato ga ɗan daudu wannan hali ba wasan dare ɗaya ba ne. Rayuwa ce da abinci da matsayi, kuma ta manya ce.

Abin lura shi ne yadda jama'a suka raba waɗannan biyu ba tare da takardar doka ba. Ana sayen abincin ɗan daudu, mata kan kira shi girkin biki, ana kallon rawarsa a ajo, amma ba uban da zai tura ɗansa mai shekara goma sha huɗu gidan magajiya da dare da sunan kallon wasa, kuma ba sarkin samarin da zai ɗauko wasan bariki ya kawo dandali. Wuri ne ya yi aikin da doka ke ƙoƙarin yi yanzu. Zuwan makarantar boko bai rushe wannan ba. Bayan buɗe Kwalejin Katsina a 1922, da fitowar wasanni shida na Rupert East, da Wasan Marafa na Abubakar Tunau, da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, wasan kwaikwayo ya zama ɗan gida a makarantun kwana. A makarantar da ba mace ko ɗaya, dole ɗalibi ya ɗaura zane in labarin yana da uwa ko kishiya. Larura ce, malami yana tsaye, labari ne ke jan wasan, ana rufe labule yaro ya koma gajeren wandonsa. Haka Ingila ta yi, inda yara maza ke fitowa a mata a zamanin Shakespeare har zuwa 1660. Amma tarihin Japan ya fi ba mu darasi. A 1629 hukuma ta hana mata wasan kabuki saboda karuwancin da ya biyo bayansa, sai samari masu ƙuruciya suka maye gurbinsu, aka wayi gari masu kuɗi sun koma neman samarin, har a 1652 aka hana su su ma. Tufar ba ta sauya ba tsakanin dandalin Landan da na Japan. Idon mai kallo da kuɗin da ke aljihunsa su ne suka mai da yaro haja.

Malami zai ce duk wannan zagaye ne, tunda hadisin Ibn Abbas da Buhari ya ruwaito ya tabbatar da tsinuwa a kan maza masu kamanta kansu da mata da mata masu kamanta kansu da maza, kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da almajiransa sun yaƙi al'adun da suka saɓa wa sunna tun kafin jihadin 1804. Wannan hujja ce mai nauyi, ba kuma wadda Musulmi zai ture da hannun hagu ba. Sai dai malaman da suka yi sharhin hadisan ba su yi wa kowa kuɗin goro ba. Imam Nawawi ya bambanta wanda aka halitta da laushin murya da na gaɓoɓi, wanda ba laifi a kansa, da wanda ya ƙirƙiri halin da gangan. Kuma a ƙissar mutumin nan mai halin mata da ke shiga ɗakin Ummu Salama, an hana shi shiga ne bayan an ji yana siffanta jikin wata mace ta Ɗa'ifa ga namiji. Abin da ya fito daga bakinsa shi ya rufe masa ƙofa. Ga kuma ƙa'idar da kowane almajiri ya sani, cewa alƙalami bai hau kan wanda bai balaga ba. Saboda haka 'yar shekara tara da ta ari hular babanta a daren tashe ba ta cikin wannan magana. Amma hujjar malamin ta kama wani wuri da ya kamata a yarda da shi: saurayin da ya balaga, mai shekara sha shida ko sha bakwai, ya wuce matakin zanen aro, kuma larurar da ta sa ɗaliban makarantun kwana yin hakan a da ta ragu ƙwarai. Ƙungiyar da ke da 'yan mata tana iya ba su matsayin mata, ko su yi nasu wasan a gaban mata, ko marubuci ya gina labarin yadda ba sai an ga matar ba.

Daga ɗaya gefen kuma akwai mai cewa wasa wasa ne, dariya ba ta kashe kowa, har ya kawo misalin Amurka inda masu wasan shigar mata da ake kira dirag ke karanta wa yara littafi a ɗakunan karatu. To can ɗin ma ba a daidaita ba. Jihar Tenesi ta kafa doka a 2023 don taƙaita irin wannan wasa a gaban yara, aka yi ta shari'a a kanta, kuma asalin wasan a gidajen rawa na dare ya girma, wurin manya. Mu kuma namu haɗarin yana da fuska biyu. Ta farko, abin da ke sa dariya a wasan bariki shi ne habaicin batsa da rangwaɗa da maganar da ke da ciki, in an cire su wasan ya mutu, in an bar su bai dace da kunnen ɗan sha huɗu ba. Ta biyu ba a cika faɗarta ba, alhali ta fi ci mini rai. Tun daga fim ɗin Ibro Ɗan Daudu na marigayi Rabilu Musa har zuwa gajerun bidiyon da samari ke ɗorawa a TikTok, ɗan daudu ya zama abin da ake kwaikwaya don a yi masa tsiya. Yaron da aka koya wa cewa mai lanƙwasa murya abin ature ne, gobe shi ne zai jefi abokin karatunsa mai sanyin hali, ko ya bi mai sayar da abinci a tasha da ihu. Wannan ba tarbiyya ba ce, kuma addinin da ya hana kamantawa shi ne ya hana izgili da cin mutuncin ɗan Adam. Ƙari a kan haka, waya ta cire shingen gaba ɗaya. Wasan da a da ke ƙarewa a ƙofar gida yanzu yana zama a intanet, baƙon da bai san yaron ba yana kallo, wani ma yana aiko masa da kuɗi da saƙo. Labarin samarin kabuki bai yi nisa da nan ba.

Tun da aka dawo da shari'a a Zamfara a 1999, Katsina da Kano suka biyo a 2000, hukuma ta fi karkata ga hani. An rufe gidajen mata, 'yan daudu da yawa suka ɓuya ko suka bar gari, a 2007 aka kama mutum 18 a Bauci bisa zargin shigar mata. Amma ko ƙudurin da aka kai Majalisar Wakilai a 2022 don haramta shigar jinsin da ba naka ba ya keɓe wasan kwaikwayo da nishaɗin jama'a na gaskiya, wato masu tsananin ma sun gane bambancin da kakanninmu suka gane. Abin da nake tsoro shi ne a haɗa tsiya da arziki a share. A Kano 'yan sanda sun sha dakatar da tashe a 'yan shekarun nan saboda 'yan daba da masu ƙwacen waya. A kudancin Katsina kuwa ba a ma buƙaci sanarwa ba. Tun daren 11 ga Disamba 2020, da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, kowace uwa a wannan yanki ta san abin da dare ke nufi, kuma ƙauyuka da dama na Faskari da Sabuwa sun san gudun hijira. Yaran da aka raba da dandali ba su daina neman nishaɗi ba, sun koma ga waya, inda ba kaka ba malami.

Don haka hukuncina ga shugabannin ƙungiyoyin matasa, da malaman makarantun boko da na Islamiyya, da masu unguwanni na Mabai da maƙwabtanta shi ne wannan. Wasan shigar mata irin na manya, na bariki ne ko na ƙetare, bai dace da taron matasa ba, kada a gayyato shi, kada kuma a sa samari su kwaikwaye shi don a yi wa wasu bayin Allah dariya. Amma tashe da wasan kwaikwayo a riƙe su da hannu biyu. In dare ya gagara, a yi da la'asar a harabar makaranta ko ƙofar gidan mai gari, iyaye suna zaune, malami ya ji labarin kafin a fito da shi, a kuma hana ɗaukar ƙananan yara a waya ana yaɗawa. Azumi mai zuwa, in 'yan mata sun yi sallama da Mairama da Daudu, a shimfiɗa musu tabarma a ba su tukuici.