Ranar Da Pakistan Ta Kashe Wa Duniya YouTube

Yau tarihi zan ba ku, kuma daga ranar Lahadi 24 ga Fabrairun 2008 zan fara.

A lokacin hukumomin Pakistan sun ba da umarnin toshe YouTube a cikin ƙasarsu kawai. Amma da kamfanin Pakistan Telecom ya zo aiwatarwa, sai YouTube ya ɗauke wa yawancin duniya na kusan awa biyu. To ta yaya?

Ku gane, intanet ba abu guda ba ce. Dubban cibiyoyi ne, kowacce da mai ita, kuma suna gaya wa juna hanya ne ta wani tsari da ake kira BGP. Ni kullum 'yan kamasho yake tuna mini. Mutum na tsaye a tasha yana ta "Kano! Kano!", kai kuma ka shige mota ba tare da ka nemi wata shaida ba. Haka cibiya ke shelar cewa adireshi kaza ta wajenta ake bi, maƙwabtanta su yarda, su gaya wa na gaba.

Sannan akwai wata ƙa'ida: wanda ya fi ƙayyade adireshi shi ake bi. YouTube na shelar rukuni mai adireshi 1,024, sai Pakistan Telecom ya yi shelar 256 daga ciki. Niyyarsa masu nema daga cikin gida su faɗa rami. Sai shelar ta tsallaka zuwa kamfanin PCCW na Hong Kong, shi kuma ya yaɗa ta bai tace ba. Shi ke nan, duniya ta ɗunguma Pakistan neman bidiyo.

Tushen matsalar tun 1989 ne. A wani taro a Amurka, injiniyoyi biyu, Yakov Rekhter na IBM da Kirk Lougheed na Cisco, suka zana BGP a kan takardar goge hannu wajen cin abinci. Ni dai ban ga laifinsu ba. Cibiyoyin lokacin kaɗan ne, masu kula da su kuma kusan duk sun san juna, don haka a kan amana aka gina shi.

Kar ku ce abin na nesa ne. A 12 ga Nuwamban 2018, kuskuren saiti a kamfanin MainOne da ke Legas ya karkatar da zirga-zirgar Google ta bi ta Rasha da China sama da awa ɗaya. Kamfanin ya amsa cewa kuskure ne. Abin da ke damuna shi ne, mai mugun nufi ma wannan ƙofar zai bi, ya leƙa bayanai ko ya kai mutane shafin bogi.

Yanzu akwai RPKI, wato sa hannun sirri da ke tabbatar da wanda ke da izinin shelar adireshi. Sai dai ba dole ba ne, kuma har yau akwai cibiyoyi da yawa da ba sa dubawa.