Daga Guduma zuwa Na'urar Rusau: Waiwaye a kan Zangunan Akara

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda ta dubi yadda kayan rushe gini suka sauya, da kuma matsayin ran ma'aikaci a wannan sauyi. An ɗauki zangunan Akara, birnin da Hausawan Gana ke kira Ankara, a matsayin misali.

2.0 Nima da Mamobi

A farkon shekarun 1930 ne Malam Amadu Futa ya sami filin Nima daga gidan Odoi Kwao na mutanen Ga. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu baƙi suka yi ta kwararowa, gidaje suka haɗe bango da bango har zuwa Mamobi. Yawancin lungunan ba sa ɗaukar mota, balle katafila. Saboda haka mai rushe tsohon ɗaki guduma da diga yake ɗauka, ya tsaya a gindin bangon da yake sara.

3.0 Rusau a Akara

Manyan rusau na birnin da ƙarfin hukuma aka yi su. A 1979 sojoji suka rushe kasuwar Makola da nakiya. A watan Yunin 2015, bayan ambaliya da gobarar gidan mai da suka kashe mutane fiye da 150, katafilu suka shiga Tsohuwar Fadama. Kafin nan, a ranar 7 ga Nuwamban 2012, benen kantin Melcom ya rufta a Achimota, mutum 14 suka rasu. Masu ceto suka kwana suna tonon ɓaraguzan da ka iya sake zubowa a kansu.

4.0 Na'ura daga Nesa

A 1976, a yankin Skellefteå na ƙasar Suwidin, aka ƙera na'urar rusau da ake sarrafawa daga nesa, wadda ta zama Brokk. Manufar ita ce a raba mutum da bakin tanderun narka ƙarfe. Ma'aikaci yakan rataya akwatin sarrafawa a ƙugu, sanduna biyu a ƙarƙashin yatsunsa, ya zaɓi inda zai tsaya yana ganin aikin. Akwai jan maɓalli na tsayarwar gaggawa, kuma idan saƙon rediyo ya yanke na'urar takan tsaya cak. Ta haka jiki ke tsira daga girgizar injin fasa kankare mai kashe jijiyoyin hannu, ƙurar da ake shaƙa kuma ta ragu. An yi amfani da irinta a Fukushima bayan haɗarin 2011.

5.0 Kammalawa

Ƙananan na'urorin nan suna shiga ta ƙofar ɗaki, wato faɗin lungun Nima ya ishe su. Sai dai suna da tsada, galibinsu kuma da lantarki suke aiki. Haka nan nisan da ya kare ma'aikaci ba ya kare maƙwabcin da ke kwance bayan bango. Don haka tilas wanda ke riƙe da akwatin ya san unguwar kamar yadda ya san maɓallansa.