Kyaututtukan Gasar Motoci ta 'Yan Sha'awa a Ingila

Tun farkon ƙarni na 20 ƙungiyoyin masu tuƙi don sha'awa a Ingila suke karrama gwanayensu da kyauta mai sauƙin kuɗi. Ƙungiyar Motor Cycling Club, wadda aka kafa a 1901, ta fara gasar Landan zuwa Edinburgh a 1904, kuma ta shahara da raba lambobin zinariya, azurfa da tagulla. Ƙananan ƙungiyoyi kuwa, da yake kuɗin rajista ne jarinsu, sai suka riƙa ba da kofunan kuza da cokula, an zana sunan gasar da shekararta a jiki. Babban kofi yakan shekara a hannun zakara, sannan ya mayar da shi, a ba shi ƙarami ya ajiye. Yanzu ana kuma amfani da gilashi da katako.