BABI NA UKU: TARIHIN ƘARFE MARAR TSATSA DA GYARAN FUSKAR LIBARBA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an duba sunayen makaman da suka shigo harshen Hausa ta hanyar aro, daga cikinsu kuwa har da libarba, wato ƙaramar bindigar hannu mai ganga wadda ke juyawa tana kawo harsashi ɗaya bayan ɗaya. A wannan babi za a bar sunan a koma kan bindigar kanta, musamman fuskarta ta waje. Za a bi tarihin yadda maƙeran Turai da Amurka suka yi fama da tsatsa, da yadda aka samo ƙarfe marar tsatsa, sa'annan a duba abin da kan faru idan irin wannan libarba ta kwarzane, mai ita kuma ya so ya mayar da ita sabuwa. Abin da ake son nunawa shi ne, zuwan wannan ƙarfe ya sa gyaran fuska ya yi sauƙi ƙwarai, sauƙin nan kuma shi ne ya zama hatsari ga tarihin da ke rubuce a jikin bindigar.

3.1 Libarba da Matsalar Tsatsa

A cikin shekarar 1836 ne Samuel Colt ya sami takardar mallakar fasahar libarba a Amurka, ya fara ƙera ta a garin Paterson na jihar New Jersey. Kamfanin ya karye a 1842, bai kuma farfaɗo ba sai a 1847, lokacin da gwamnatin Amurka ta ba shi kwangilar libarba 1,000 saboda yaƙin da take yi da Meziko. Shekara goma bayan haka, wato a 1857, Horace Smith da Daniel Wesson suka fitar da tasu a garin Springfield, mai cin harsashi na kwanso.

Duk waɗannan bindigogi da ƙarfe na yau da kullum aka yi su, ƙarfen da ba ya ga maciji da danshi. Baƙin albarushin wancan zamani yakan bar toka mai jawo laima a cikin bututu da ganga. Sinadarin da ke tayar da wuta a gindin harsashi shi ma yakan bar wani irin gishiri, ba a kuwa rabu da wannan matsala ba sai wajen ƙarshen shekarun 1920. Daɗin daɗawa ga gumin hannu, ga kuben fata da ke riƙe danshi. Saboda haka sai maƙera suka shiga neman rigar da za su sa wa ƙarfe.

Babbar dabarar da aka fi sani ita ce rini. Wani abin mamaki shi ne, rinin nan shi ma tsatsa ce, sai dai tsatsa ce da aka hore ta. Akan shafa wa ƙarfen wani ruwan magani a ajiye shi har ya yi jar tsatsa, sa'annan a tafasa shi cikin ruwa, jar ta rikiɗe ta zama baƙa, a goge da burushi mai laushi, a sake. Akan maimaita haka sau da yawa kafin a sami baƙin nan mai ratsin shuɗi. Daga baya aka koma tsoma ƙarfen cikin tafasasshen ruwan sinadari, wanda ya fi sauri. Ko ta wace hanya aka bi, rinin siriri ne ƙwarai, kuma ba ya hana tsatsa sai an riƙa shafa masa mai. Dabara ta biyu ita ce ruwan nikel, kamar dai yadda ake yi wa 'yan kunne ruwan gwal. Wannan ya yaɗu daga shekarun 1870, ya kuma fi rini jure wa toka da gumi, amma idan ya tsufa yakan riƙa ɓarewa kamar fenti.

Abin lura a nan shi ne, a wannan zamani kwarzane rauni ne na gaske. Duk inda rigar ta yage, nan tsatsa za ta kama. Gyara kuwa ba aikin gida ba ne, domin sai an kwance bindigar, an cire tsohuwar rigar gaba ɗaya, an goge ƙarfen, sa'annan a sake rina shi. Mutane da yawa sukan mayar da bindigarsu kamfanin da ya ƙera ta. Kamfanin Smith & Wesson ya daɗe yana da al'adar buga ɗan tauraro kusa da lambar bindigar da aka dawo masa da ita gyara, wani lokaci har da wata da shekara a ƙarƙashin ƙota. Ke nan gyaran kansa yakan bar shaida.

3.2 Harry Brearley da Ƙarfen Sheffield

Tun a 1797 masanin sinadarai ɗan Faransa, Vauquelin, ya gano kuromiyam, kuma masana da dama sun gwada garwaya shi da ƙarfe. A Jamus, Benno Strauss da Eduard Maurer na kamfanin Krupp sun yi rajistar nasu haɗin a 1912. Duk da haka sunan da aka fi ambata shi ne na Harry Brearley, wanda aka haifa a 1871 a birnin Sheffield na Ingila, birnin da ya yi suna wajen ƙera wuƙaƙe.

A 1912 aka ɗora wa Brearley binciken wata matsala ta bindiga. Zafin harbi yana cinye cikin bututun bindigogin sojoji, ana son ƙarfen da zai jure. Ran 13 ga Agusta, 1913, ya narkar da wani haɗi mai kuromiyam kashi 12.8 cikin ɗari da kabon kashi 0.24. Da ya zo duba shi da madubin ƙara girma, sai ya ga ruwan asid ɗin da akan ɗiga wa ƙarfe don ƙwayoyinsa su fito bai ci wannan ba. Akwai labarin da ake yawan bayarwa cewa a cikin tarin ɓaraguzan da ya zubar ya hango wani gutsure yana ƙyalli alhali saura sun yi tsatsa, amma wannan ya fi kama da ƙarin gishirin masu ba da labari. Da yake ɗan Sheffield ne, nan take hankalinsa ya tafi ga wuƙar tebur. Haka ƙarfen da aka nema don bindiga ya fara rayuwarsa a ɗakin girki.

Sirrin wannan ƙarfe yana da sauƙin fahimta. Idan kuromiyam ya kai kimanin kashi 10.5 cikin ɗari, yakan haɗu da iskar oksijin ya yi wata siririyar yana a saman ƙarfen, wadda ido ba ya iya gani. Wannan yanar ce ke tare danshi. Idan aka karce ta, muddin akwai iska, sai wata ta sake fitowa da kanta. Wato rigar daga cikin ƙarfen take tsirowa, ba daga waje aka ɗora ta ba.

3.3 Shekara 52 Kafin Libarba

Mai karatu zai iya tambaya, me ya sa masu ƙera bindiga ba su rungumi wannan ƙarfe nan da nan ba? Dalili na farko shi ne wuyar sarrafawa, domin yana saurin dakusar da haƙoran injin. Bugu da ƙari, idan sassa biyu na irinsa suna gugar juna sukan ciji juna su kafe. Sa'annan rini ba ya kama shi, alhali masu saye sun saba da baƙar bindiga. Kamfanin Winchester ya gwada bututun wannan ƙarfe a dogayen bindigoginsa a shekarun 1920, abin bai ɗore ba.

Sai a 1965 Smith & Wesson ya fitar da Model 60, libarba ta farko da aka ƙera da ƙarfe marar tsatsa don sayarwa da yawa. Ƙarama ce mai cin harsashi biyar, kwafin wata baƙar libarba da kamfanin ke yi tun 1950 mai suna Chiefs Special. An yi rububinta har kamfanin ya kasa biyan buƙata. 'Yan sanda, waɗanda ke yini da bindiga a jikinsu cikin ruwa da gumi, su ne suka fi ganin amfaninta. Wasu samfura suka biyo baya a shekarun 1970, daga baya kamfanonin Ruger da Colt su ma suka shigo. Da Colt ya dawo da shahararriyar libarbarsa Python a 2020, bayan ya daina yin ta shekaru da dama, da ƙarfe marar tsatsa ya fara dawo da ita.

Ya kamata a faɗi cewa sunan "marar tsatsa" yana da ɗan zuƙi-ta-malle. Ƙarfen libarba ba irin na cokula da kwanukan silba da muke gani a gidajenmu ba ne. Yawancin na ɗakin girki yana da nikel da kuromiyam mai yawa, na bindiga kuwa an rage masa su don ya karɓi tauri idan an gasa shi, shi ya sa mayen ƙarfe ke kama shi. Saboda haka yakan yi ɗigo-ɗigon tsatsa, musamman a ƙarƙashin ƙota inda gumi ke taruwa iska kuma ba ta shiga.

3.4 Gyaran Fuska da Abin da Yake Tafiya da Shi

Da zuwan wannan ƙarfe ma'anar kwarzane ta sauya. Tun da launin waje da na ciki ɗaya ne, babu rigar da za ta yage, sai dai muni ga ido. Gyaran da a da sai ƙwararre mai tukwanen sinadari, yanzu mai bindiga na iya yin sa a kan teburinsa. Akan fara da samfefa mai ɗan kaushi a kan karcen, a riƙa sauyawa zuwa mai laushi, daga lamba 400 zuwa 600 har sama, a ƙare da soson roba irin na Scotch-Brite. Sharaɗin shi ne a bi layin gugar da kamfani ya yi tun farko, domin idan aka ratsa shi wurin zai fito fili kamar faci a riga. Masu sana'ar sukan kuma hana amfani da soson ƙarfe na yau da kullum, saboda yakan bar ƙananan ɓurɓushi a jikin bindigar, su kuma su yi tsatsa, mai ita ya zaci bindigarsa ce ta lalace. Wanda ke son fuska dusasshiya yakan kai a fesa mata ƙananan ƙwayoyin gilashi da iska mai ƙarfi, mai son sheƙi kamar madubi kuma ya kai ta injin goge.

A nan ne matsalar take. Ba a cike karce, sai dai a rage ƙarfen da ke kewaye da shi har ya sauko daidai da zurfinsa. Kowane gyara ragi ne. Injin goge a hannun marar haƙuri yakan dakusar da kusurwoyi masu kaifi, ya faɗaɗa bakin ramukan kusoshi, ya shanye tambarin kamfani da rubutun da ke kan bututu har su koma kamar an wanke allo. Murfin gefen libarbar Smith & Wesson an daidaita shi da jikinta ta yadda da ƙyar ake ganin mahaɗarsu, to idan aka goge shi shi kaɗai sai gefensa ya lanƙwashe, mahaɗar ta buɗe. Da wannan masana ke gane bindigar da aka taɓa ko daga nesa. Akwai kuma wurin da doka ta shigo: a Amurka dokar 1968 ta wajabta wa kamfanoni buga lamba a kan kowace bindiga, kuma mallakar wadda aka shafe wa lamba laifi ne. Don haka mai gyara na kirki ba ya kusantar wannan wuri ko kaɗan.

Misalin Model 60 ya isa a yi tunani a kansa. Na farko-farko sun fito da sheƙi sosai, daga baya kamfanin ya koma ga fuska mai dushi-dushi. Wanda ya gaji ta farkon, ya ga ta karce, ya bi ta da soson roba, ya shafe alamar da ke nuna zamaninta ke nan. Wanda kuma ya goge ta baya har ta yi sheƙi, ya ba ta kamar da ba tata ba, ko da bai yi niyyar yaudarar kowa ba. A zamanin rini tauraron kamfani yakan faɗi gaskiya. Gyaran gida ba ya barin tauraro.

Wannan gardama ta girmi libarba marar tsatsa. A ƙarni na 19 marubucin Ingila John Ruskin ya soki masu sabunta tsoffin gine-gine, yana ganin sabuntawa rushewa ce, yayin da Viollet-le-Duc na Faransa ke ganin ya halatta a mayar da gini yadda ya kamata ya kasance. Masu tara tsoffin makamai sun fi karkata ga ra'ayin Ruskin. A wurin gwanjo, tsohuwar libarba mai fuskarta ta asali, ko da ta koɗe, takan fi wadda aka sabunta daraja. Colt da Smith & Wesson duk sun adana littattafan masana'antarsu, ana kuma iya neman wasiƙa da za ta nuna ranar da bindiga ta fita, da wurin da aka aika ta, da irin fuskar da ta fita da ita. Mai saye yakan riƙe wasiƙar a hannu ɗaya yana duba bindigar.

A ra'ayin mai wannan bincike, bai dace a yi wa kowace libarba hukunci ɗaya ba. An ƙera dubun dubatar irin waɗannan bindigogi, yawancinsu kayan aiki ne kawai, kuma babu laifi ɗan sanda ko manomi ya goge karcen da ya dame shi. Amma kafin a ɗauki samfefa ya kamata a san wace ce ake riƙe da ita. Akwai alamun da ba lalacewa ba ne. Siririn zoben da ke kewaye ganga, alal misali, sawun ɗan ƙarfen da ke tsayar da ita ne, kuma ko an goge shi zai dawo da zarar an ci gaba da juya ta. Koɗewar da ke bakin bututu da gefen ganga tana nuna yawan shiga da fita daga kube, har ana iya hasashen ko mai ita ya yi shekaru yana ɗauke da ita ne ko a cikin akwati ta zauna. Gidajen adana kayan tarihi, irin su Royal Armouries da aka buɗe a birnin Leeds a 1996, sun fi mayar da hankali ga tsayar da lalacewa a kan mayar da abu sabo. Yawanci akan cire dattin da tsatsar da ke ci, a shafa siririn kakin da za a iya wankewa daga baya, a rubuta abin da aka yi a cikin kundi, kuma ba a taɓa ƙarfen sai da safar hannu.