Tarihin gwajin sikila, daga ɗakin bincike zuwa Sakkwato

Gwajin jinin da masu shirin aure suke yi a yau, a tsofaffin unguwannin Sakkwato irin su Ƙofar Kware da sauran garuruwan Arewa, ya samo asali ne daga binciken jami'o'i kan sinadarin himogulobin, wanda ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jajayen ƙwayoyin jini. Tun kafin wannan bincike Hausawa sun san ciwon sikila da sunan amosanin jini, suna ganin yadda yake murɗa gaɓoɓin yara, musamman lokacin sanyi.

A 1910 likita James Herrick na birnin Shikago ya bayyana ƙwayoyin jini masu siffar lauje a jikin wani ɗalibi. Dalilin wannan siffa bai fito ba sai 1949, lokacin da Linus Pauling da abokan aikinsa suka sa himogulobin cikin ruwan da lantarki ke ratsawa, suka ga na masu sikila yana tafiya daban da na sauran mutane. A 1957 Vernon Ingram, a Jami'ar Kambirij ta Ingila, ya gano inda bambancin yake. Cikin tubala 146 da ke sarƙar beta ta himogulobin, na shida kaɗai ya sauya, balin ta maye gurbin gulutamik asid. Idan oksijin ya ragu, wannan ɗan sauyi yana sa himogulobin ya manne da juna ya zama dogayen zarurruka, ƙwayar ta lanƙwashe ta toshe ƙananan jijiyoyin jini. Daga nan raɗaɗin yake tasowa.

A 1954 Anthony Allison ya nuna cewa masu AS, wato waɗanda suka gaji sikila daga ɗaya cikin iyayensu kawai, suna da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, abin da ya bayyana yawan masu shi a ƙasashen da sauro ya yi katutu. Wani bincike da aka yi a Garki a shekarun 1970, a Jigawa ta yanzu, ya gano cewa mafi yawan yaran SS, waɗanda suka gaji sikila daga iyaye biyu, ba sa kai wa girma a karkara.

An kafa Jami'ar Sakkwato a 1975, ta koma Jami'ar Usmanu Danfodiyo a 1988, kuma asibitin koyarwarta yana kula da masu sikila. Na'urar da ke raba AA (marasa sikila) da AS da SS a asibitocin Najeriya har yanzu kan dabarar Pauling take aiki. A 2024 Jihar Kano ta mayar da gwajin doka kafin ɗaurin aure.