Hakeem Olajuwon da Gardamar Taron Dangi a Ƙwallon Kwando

A ƙasar Sakkwato, inda Ɗan Anace ya ɗaukaka sunan Shago da Ɗandunawa da waƙa, ana auna ɗan dambe ne da yawan kisan da ya yi, wato kayar da abokin karawa, kuma ba mai cewa wani ya taya shi, domin shi kaɗai yake shiga fage. Ƙwallon kwando ba ta da wannan sauƙin hukunci, saboda mutum biyar ne suke wasa a kowane ɓangare, shi ya sa mabiya gasar NBA ta Amurka suka daɗe suna gardama a kan darajar kofin da gwani ya ci bayan ya haɗu da wasu gwanaye a ƙungiya guda, abin da masu suka suke ɗauka taron dangi ne.

Tara gwanaye wuri ɗaya tsohon abu ne, domin Bill Russell ya ci kofi 11 a kakar wasa 13 tsakanin 1957 da 1969 tare da zaratan Boston Celtics, kuma wannan ƙungiyar ce ta ɗauko Kevin Garnett da Ray Allen a 2007 ta haɗa su da Paul Pierce, ta ci kofin 2008 ba tare da an zarge su ba. Ƙorafi ya yi ƙamari ne a 2010, lokacin da LeBron James ya zaɓi komawa Miami domin ya yi wasa da Dwyane Wade da Chris Bosh, sannan a 2016 da Kevin Durant ya koma Golden State, wadda ta ci wasa 73 cikin 82 a kakar da ta gabata. Bambancin kawai shi ne, a da shugabannin ƙungiya ne suke haɗa gwanaye, yanzu kuwa 'yan wasa ne suke zaɓa wa kansu, kuma wannan 'yanci na sauya ƙungiya idan kwantiragi ya ƙare sai da aka yi shari'a a kansa, tun daga ƙarar da Oscar Robertson ya jagoranta a 1970, wadda aka sasanta a 1976. Rashin adalci ne a yaba wa mai ƙungiya a kan dabarar da ake zagin ɗan wasa idan ya yi ta.

Tarihin Hakeem Olajuwon, wanda aka haifa a Legas a 1963, ya taɓo kowane gefe na wannan gardama. Houston Rockets ta ɗauke shi a matsayi na farko a zaɓen sababbin 'yan wasa na 1984, shekarar da Michael Jordan ya zo na uku, kuma a 1994 ya kai ta ga kofi bayan wasa bakwai da New York Knicks, alhali babu ko ɗaya daga abokan wasansa da aka zaɓa cikin wasan taurari na shekarar. A wannan kakar ya haɗa lambar gwarzon ɗan wasa, da ta gwarzon mai tsaro, da ta gwarzon wasannin ƙarshe, abin da ba wanda ya riga shi yi. A Fabrairun 1995, watan da ya dace da Ramadan kuma yana wasa da azumi a bakinsa, aka zaɓe shi gwarzon wata, kuma a watan ne aka kawo masa Clyde Drexler, tsohon abokinsa na Jami'ar Houston, suka share Orlando Magic ta Shaquille O'Neal da wasa huɗu ba ko ɗaya a wasannin ƙarshe na shekarar, suka ci kofi na biyu. Masu rage masa daraja sukan ce Jordan ya yi ritaya a lokacin, amma hujjar ba ta da ƙarfi a kan kofi na biyu, domin Jordan ya dawo a Maris na 1995, kuma Orlando ɗin da Hakeem ya doke ita ce ta fitar da Chicago, ƙungiyar Jordan.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne, Houston ma ta gwada tara gwanaye, da ta ɗauko Charles Barkley a 1996, amma Utah Jazz ta tare musu hanya a 1997, kuma zuwan Scottie Pippen a 1999, bayan ritayar Drexler, bai hana Los Angeles Lakers fitar da su tun zagayen farko ba, domin shekaru sun riga sun ja, ga rauni, ga rashin jituwa tsakanin Pippen da Barkley. Kusan haka ta faru da Brooklyn Nets a 2021, wadda ta tara Durant da James Harden da Kyrie Irving, rauni ya raunana ta, Milwaukee ta fitar da ita a wasa na bakwai a ƙarƙashin jagorancin Giannis Antetokounmpo, ɗan 'yan Nijeriya da aka haifa a Girka, wanda ya zauna a ƙungiyar da ta ɗauke shi tun 2013, ya kuma ci maki 50 a wasan da ya ba ta kofinta na farko tun 1971.