Kiɗan na'ura ma yana da asali

Iyaye da malamai da dama kan ce kiɗan rawa na na'ura da ƴaƴanmu ke saurare a waya hayaniya ce kawai. Ni da na fara sauraronsa da girmana, tarihinsa ne ya buɗe mini kunne.

A 1977 Frankie Knuckles ya fara sa faya-fayai a wani gidan rawa na Chicago, a Amurka, mai suna Warehouse. Daga sunan gidan ake cewa salon "house" ya samo nasa. A Detroit kuma, cikin shekarun 1980, lokacin da masana'antun motoci ke sallamar ma'aikata, wasu samari baƙar fata uku, abokai tun daga lakwal, Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson, suka saurari Kraftwerk na Jamus, suka ƙirƙiro "techno". Na'urar ganga ta Roland TR-808, wadda ta fito a 1980, ba ta yi kasuwa ba, shi ya sa matasa marasa ƙarfi suka same ta da araha a hannu na biyu.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan fage. A 1978 Mamman Sani ya naɗi kaset a Yamai da organ mai aiki da lantarki, kuma kiɗansa ya daɗe yana raka shirye-shiryen rediyo da telebijin na ƙasa. An sake fitar da kaset ɗin a 2013.

Shawarata ga sabon mai sauraro: ya fara da Mamman Sani, sannan ya koma Chicago yana ƙidaya bugun ganga huɗu-huɗu. Kafin uba ya ƙwace wayar yaro, gara ya tambaye shi ko ya san inda kiɗan ya fito.